Baki Ba Shi da Ƙaramin Baƙi

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana jan salla a ƙaramin masallacin layinmu a Sabonjida, cikin Tamale. Shi ba babban malami ba ne, tela ne, kuma babu wanda ya taɓa ba shi takardar limanci. Tsohon liman ne ya rasu, aka tayar da iƙama, mutane suka dubi juna, sai wani ya tura shi gaba, shi ke nan. Matsayin nan ba shi da wani maƙalli sai yardar mutanen layi. Da idanunsa suka fara dushewa ya ajiye keken ɗinki, sai ya zama limancin ne kaɗai abin da yake sa wa riga mai tsabta ya fita dominsa.

Ni ce 'yarsa ta uku, wadda ya tsaya kai da fata sai ta yi boko har ƙarshe. An sha gaya masa ya yi hattara, yana cewa shi ya san abin da ya haifa. Na gama kwalejin malamai, na samu koyar da kimiyya a makarantar unguwarmu, wadda ake Larabci da safe, boko ya biyo baya. Ina da baki, wannan kowa ya sani. Innata takan ce tun ina goye nake mayar da magana.

Ranar Asabar nakan hau yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, in tafi unguwar Bulpiela in koya wa wata yarinya lissafi. A gida haka na ce, darasi a Bulpiela, ban ƙara komai ba. Abin da ban faɗa ba shi ne gidan wani Ba'indiye ne mai sayen ƙwarar kaɗanya, kuma a falonsu akwai wani lungu da hotunan abubuwan bautarsu da turaren tsinke. Na san in Baba ya ji ba zai hana ni ba, amma hankalinsa ba zai kwanta ba, sai na bar shi a rufe.

Yarinyar tana da kaka, wata 'yar tsohuwa siririya mai farin gashi, ba ta fita ko'ina saboda gwiwa. In mun gama darasi sai ta kawo mini shayi mai citta da yawa ta zauna tana kallona. Turancinta guntu-guntu ne, amma ba ya hana ta gardama. Kaka nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Wata Asabar ta ɗauki littafin da nake shirin darasin Litinin da shi, ta ga hoton taurari, ta tambaye ni mene ne wannan.

Na gyara zama, don abin da na iya ne. Na ce masana sun gano cewa duk abin da muke gani, rana da ƙasa da taurari, ya taɓa zama a dunƙule wuri guda, ɗan mitsitsi, mai zafin da ba ya misaltuwa. Sai ya buɗe, kusan shekara biliyan goma sha huɗu da suka wuce, kuma har yanzu bai daina buɗewa ba.

Tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Ta ce, “Sau ɗaya tak? Kai, 'yata, naku masanan rowa gare su.”

Ta ce su a wajensu da farko duhu ne da ruwa, sai ƙwai na zinariya ya bayyana a kan ruwan, ya tsage, sama da ƙasa suka fito daga ɓawonsa. Wanda ya tsara halitta, Brahma suke ce masa, yininsa ɗaya ya fi shekara biliyan huɗu irin tamu. In yamma ta yi masa ya kwanta barci, sai komai ya narke ya koma ruwa. In gari ya waye masa sai ya sake farawa. Shi ma in ya cika shekara ɗari irin tasa sai ya shuɗe, wani ya zo. Ta ce kuma ba wannan duniyar kaɗai ba ce, suna nan birjik kamar kumfar sabulu a bahon wanki.

Na ce, “Haba Kaka! Mu fa awo aka yi. An ga hasken taurarin nesa ya miƙe ya yi ja-ja, alamar guduwa suke daga gare mu. An kuma samu ragowar ɗumin farkon nan ta ko'ina a sama. Ku wa ya auna muku ƙwan?”

Ta ce, “Masu awon naki, sun san abin da ke nan kafin abin ya buɗe?”

Na ce ba su sani ba.

Ta ce, “To sha shayinki kafin ya huce.”

A hanyar gida, cikin yelo-yelo, wani irin jiri ya ɗebe ni. Ba wai na yarda da maganarta ba, Allah Ya tsare, istigfari nake ta yi. Lambobin ne suka tsorata ni. Na sha faɗar biliyan a aji kamar ina faɗar sunan unguwa, amma ranar na dubi masu babura da mata masu tallar doya a bakin titi, na ji duk mun yi ƙanƙanta ƙwarai, sai na riƙe ƙarfen keken gam. Duk da haka labarin ya yi mini daɗi, kuma ni abin da ya yi mini daɗi ba ya kwana a cikina.

Litinin bayan tara na shiga aji da balan-balan. Na ɗiɗɗiga mata tawada, na ce kowane ɗigo gungun taurari ne, na hura. Yara suka ga ɗigon suna nisa da juna, suka hau ihu. Wata yarinya mai zama a gaba, shiru-shiru, 'yar wani mai sayar da kayan babur a bakin layinmu, ta ɗaga hannu. Ta ce, “Madam, in ya gama kumbura, zai fashe da mu?”

Na ce a'a. Na ce a da wasu masana sun zaci wata rana komai zai tsaya ya sake tsukewa, yanzu yawancinsu suna ganin buɗewar za ta ci gaba. Da a nan na tsaya da ban rubuta wannan labarin ba. Amma ina! Sai na ce akwai ma mutanen da tun tuni suke ba da labari mai kama da tsukewar nan. Na juya allo na rubuta kalmar Turanci ta abin bauta, na kuma kula na fara ta da ƙaramin baƙi, yadda aka koya mana a kwaleji: babban baƙi na Ubangiji ne Shi kaɗai, ƙarami na abubuwan bautar wasu.

Ajina kuwa akwai Dagomba, akwai Mosawa, akwai Zabarmawa, akwai mu Hausawa, kuma in Turanci ya cije sai a sauko Hausar Tamale, wadda kowa ke ji, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Sai na ce musu, “Mutanen Indiya ya ce allansu in ya yi barci, duniya ya narke. In ya tashi, ya sake yi sabo.”

Yarinyar nan ta zaro ido. “Madam, Allah yana barci?”

Daidai nan aka buga ƙarfen tashi. Yara suka miƙe, benci na ƙara, kowa na neman takalminsa. Na ɗaga murya na ce, “Nasu! Nasu na ce, ba namu ba!” Ban san ko mutum nawa suka ji ba. Na ga dai yarinyar ta fita tana waiwayena, ni kuwa haushin surutunsu ya ishe ni, na kwashe littattafaina na yi gaba.

Talata lafiya lau. Laraba da safe na gaishe da maƙwabciyarmu Badagomba a bakin famfo, na ce mata dasiba, ina kwanansu, kamar kullum, ta dubi bokitinta. Matan da ke layin ruwa suka yi tsit har na wuce. Na ce a raina ko wani ya rasu ne ban ji ba. A makaranta na tarar benci uku babu kowa, har da na yarinyar da ta yi mini tambayar.

Alhamis ina dawowa na samu Inna a tsakar gida, tukunyar kokonta ko rabi ba ta sayar ba, ta riƙe waya a hannu kamar ta riƙe garwashi. Ta ce, “Zo ki ji abin da kika ja mana.” Saƙon murya ne, wani namiji da ban san muryarsa ba. Ya yi da Dagbani, yaren Dagomba, ya maimaita da Hausa. Wai akwai wata madam a Sabonjida tana koya wa 'ya'yan Musulmi cewa Allah Yana barci, cewa duniya fashewa ta yi babu wanda ya yi ta, har ta kawo balan-balan ta nuna musu. Wai tana zuwa gidan masu gumaka ana ba ta abin sha. Bai faɗi sunana ba. A ƙarshe ya ce, “Kuma ubanta ne ke jan ku salla.”

A kan turmi na zauna. Abu na farko da yaro ke haddacewa a unguwarmu shi ne Ubangiji ba Ya gyangyaɗi balle barci. A ce 'yar liman ta ce Yana barci! Na fara rantse-rantse, Inna ta ce ba ita zan rantse wa ba.

Masallacin jikin katangarmu yake, akwai wata 'yar taga da muke jin salla ta ciki. Da la'asar na leƙa. Sahu uku aka saba yi, ranar ɗaya da rabi na gani. Baba ba ya gani sosai, amma yana jin yawan mutane a ƙarar tabarma da numfashi. Da ya shigo gida ya nemi butarsa, ya zauna a inuwa yana jan carbi. Na durƙusa na ba shi labari tun daga balan-balan har ƙaramin baƙin. Na tsallake gidan Bulpiela, shi ma bai tambaya ba. Ya ce, “Na ji. Tashi ki ci abinci.”

Kwana biyun da suka biyo baya ban taɓa jin tsoro irinsu ba. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya jefe ni, kuma shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya yanke ya faɗi. In na ji yara sun taso da gudu a layi sai in ce ga su nan. Ranar Juma'a shugaban makaranta ya aiko cewa in zauna a gida tukuna. Asabar tsohuwar Bulpiela ta sa jikarta ta kira ni har sau uku, ina kallon wayar tana haske, na kifa ta a ƙarƙashin matashi. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, na ji haushin yarinyar da ta kai maganar gida, har na ce in na kama ta sai na murɗe mata kunne.

Lahadi bayan la'asar aka kira mu barandar masallaci. Dattawa biyar ne, da shugaban makaranta, da mahaifin yarinyar, wanda shi ma yana cikin masu kula da masallacin. Matasa sun tsaya daga nesa suna jingine da babura. Na sa babban hijabi na zauna a ƙasa gefen Baba.

Mahaifin yarinyar ne ya fara, kuma bai zo da faɗa ba, abin da ya kashe mini jiki ke nan. Ya ce tun Litinin 'yarsa ba ta cin abinci. Ta tambaye shi, in Allah Ya yi barci wa zai riƙe mu? Ta ce madam ta ce in Ya kwanta kowa zai narke. Ya ce ya yi mata bayani har ya gaji, da ta ga rana ta karkata sai ta kama rigar uwarta tana kuka. Ya ce, “Ni ban yi karatu ba. Na ba ku yaro lafiyayye, kun dawo mini da shi haka.” Ya ce saƙon wayar ba shi ya yi ba, shi dai ya gaya wa abokansa a shago.

Duk masifar da na zo da ita sai ta zube. Na ce ban ce Allah ba, allansu na ce, labarin mutanen Indiya nake bayarwa. Na ce ko a allo da ƙaramin baƙi na rubuta, a je a duba littafin yara.

Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya san ni tun ina rarrafe, ya ce, “'Yata, yaran nan da kunne suka ji ki. Da kika buɗe baki kika ce alla, ta ina za su ga ƙarami ne ko babba?”

Gaskiya ya faɗa. A Hausa ba mu da wata kalma ta kullum da za mu ba abin bautar wani, sai mu ari sunan nan mu maƙala masa wutsiya, kuma wutsiyar ce ta faɗi tsakanin aji da gida.

Wani ya tambaye ni zancen fashewa. Na ce littafin gwamnati ne, kuma yadda abin ya gudana yake bayani, bai ce babu Mai yi ba. Ni na yi imani Allah ne Ya yi, masana kuma sawun aikin suke bi. Ya ce, “Ke kina wurin?” Nan halina ya motsa. Na ce, “Kai ma ai ba ka wurin da aka haifi kakanka, amma ka yarda an haife shi.” Matasan nan suka yi wata ƙara, wasu suka matso. Baba ya ce, “Ke!” Kalma ɗaya, na haɗiye sauran.

Sai dattijon goro ya juya wajen Baba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Liman, mu ba yarinya muka zo tuhuma ba, yaro yakan yi kuskure. Abu ɗaya muke so mu ji. Ka san duk Asabar tana shiga gidan da ake kunna wa gumaka turare, tana ci tana sha a can?”

Na sha jinin jikina. Baba bai sani ba, ni na ɓoye masa. In ya ce bai sani ba, ya tsira, laifin ya zama nawa ni kaɗai, 'yar boko mai ƙaryar darasi. Na ma so ya ce hakan. Ina kallon yatsunsa sun tsaya a kan carbi.

Ya ce, “'Yata ce. Duk gidan da ta shiga, da sunana ta shiga.”

Bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da ni ba. Dattawan suka dubi juna. Aka sa na yi kalmar shahada a gaban kowa, ni da na tashi a jikin katangar masallaci, na yi ina kuka. Na ba mahaifin yarinyar haƙuri, na ce zan je har gida in yi mata bayani. Shugaban makaranta ya ce in koma aiki, amma abin da ke littafi kaɗai, ban da labarin kowa. Aka shafa fatiha. A hanyar shiga gida Baba ya dafa kafaɗata saboda dakalin ƙofa. Na ce, “Baba, ka yafe mini, ban gaya maka ba.” Ya ce, “Kula da dakalin.” Ni sakarya, har na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama.

Washegari na koma makaranta, na dawo da wuri, ana kiran azahar. Na tsaya a 'yar tagar nan don in ga ko sahu ya dawo. Ya dawo kuwa, uku cif, har da waɗanda na kwana biyu ban gani ba. Baba ya shiga da farar rigarsa, ya bi bango da hannu kamar kullum, ya nufi gaba. Sai dattijon goro ya tare shi, ya kama gwiwar hannunsa a hankali, cikin ladabi ƙwarai. Na ji yana cewa, “Liman, idanun nan sun gaji. Ka huta haka nan, yara su ɗauke maka.” Ya ja shi zuwa ƙarshen sahun farko, ta wajen tagarmu. Wani saurayi ya wuce gaba, wanda Baba ne ya koya masa alwala.

Baba ya daidaita ƙafarsa da ta na kusa da shi. Aka kabbara.

Azahar ba a bayyana karatu, masallacin ya yi shiru. Baba ya gama karatunsa a zuci, daidai tsawon da ya saba shekara talatin, sai kawai na ji muryarsa ta cika masallacin: “Allahu akbar.” Ya sunkuya. Rabin masallacin suka bi shi ruku'u, don muryar da jikinsu ya sani ke nan. Sauran suka tsaya ƙiƙam suna jiran saurayin, wanda bai gama ba. Na ga waɗanda suka sunkuya suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro a baya ya yi 'yar dariya aka make shi. Baba ne na ƙarshen ganewa. Ya ɗago a hankali, ya mayar da hannuwansa, ya tsaya yana jira.

Da aka sallame bai tsaya gaisawa ba. Ya shigo gida, na tare shi da ruwa, na kasa ɗaga ido. Ya karɓa ya sha, ya miƙo mini kofin. Ya ce, “Na ɓata wa mutane salla.”

Na ce, “Baba, ni ce na ɓata, ba kai ba.”

Ya ce, “In an kira la'asar ki shimfiɗa mini tabarma a ɗaki.”

Ya rayu shekara shida bayan haka, kuma a ɗakin nan ya yi sallolinsa, ban da Juma'a da ƙanena ke kai shi babban masallaci a babur. Ko sau ɗaya bai ce ni na ja masa ba. In an tayar da salla a bayan katanga yakan jira sai sun sallame tukuna ya tayar da tasa, kuma ko a magariba ba ya ɗaga murya yadda za a ji shi a waje.